Darasi na 9: Doki Matsoraci Ne, Ba Mugu Ba

Ranar hawan Sallah, tsaya kusa da ƙofar fadar Sarkin Musulmi ka kalli dawakai. Ga tambura, ga algaita, ga ƙarar bindiga. Za ka ga wani doki yana taku a natse cikin wannan hayaniya. Wani kuwa sai tutsu yake yi, bakinsa na kumfa, mahayinsa na zuba masa bulala. Sai ka ji ana cewa, "Wannan mugun doki ne." Galibi ba mugunta ba ce, tsoro ne.

A asali, doki dabbar dawa ce da namun daji ke farauta. Makaminsa na farko gudu ne. Idan ya ga abin da bai gane ba, ko da leda ce iska ta kwaso, zabura zai fara yi kafin ya duba. Idan yana ɗaure a turke, ba hanyar gudu, sai ya koma harbi da cizo.

Yadda yake gani

Idanunsa a gefen kai suke, don haka yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi. Wuri 2 ne ba ya gani: daidai gaban goshinsa, da daidai bayan wutsiyarsa. Ta bayan nan ne yawancin mutane ke shan harbi. Kada ka zo masa ta baya shiru kamar ɓarawo. Yi magana tun daga nesa, ka nufi kafaɗarsa ta gefe, ka bar shi ya shinshina bayan hannunka.

Kunne kuma bakin doki ne. Inda ya juya kunne, can hankalinsa yake. Idan ya miƙe su gaba, akwai abin da yake dubawa. Idan ya kwantar da su baya sun manne da wuya, ja da baya, gargaɗi ne. Wanda ya sunkuyar da kai, ya saki leɓen ƙasa, ya ɗage ƙafar baya ɗaya yana hutar da ita, wannan hankalinsa a kwance yake.

Ja da saki

Wannan shi ne zuciyar darasinmu, a karanta shi sau biyu.

Doki ba ya koyo daga jan igiya. Daga sakinta yake koyo. Mu ɗauka kana da duƙushi, ka sa masa ragama da sanyin safiya, kana so ya biyo ka. Ja igiyar kaɗan, gwargwadon yadda zai ji nauyinta, ka riƙe haka. Kada ka fizga. Zai turje, ya ɗaga kai, wataƙila ya ja baya. Kai dai riƙe, kada ka ƙara ƙarfi. Can sai ya ɗaga ƙafa ɗaya ya matso. A wannan ƙiftawar ido, saki igiyar. Sosa masa inda wuya ya haɗu da baya, wurin da dawakai ke sosa wa juna da haƙora. Ba shi ɗan lokaci ya numfasa, sannan ka sake.

Me ya gane? Ya gane cewa matsowa ce ke kawo sauƙi. Idan kuwa ya matso ka ci gaba da ja, ka koya masa cewa biyayya ba ta da riba. Idan ka saki lokacin da yake turjiya, turjiyar ka koya masa. Yawancin dawakan da ake kira masu taurin baki, hannun mutum ne ya mai da su haka. Dabbar da ke jin saukar ƙuda a bayanta har fatar ta girgiza, ba ta bukatar kaimi mai fid da jini. Linzaminmu na gargajiya ma yana da ƙarfi ƙwarai, a hannun mai fushi yakan yanka harshe da dasashi.

Kada ka tsawaita. Minti 15 kullum ya fi awa 2 ranar Juma'a kaɗai. Ka kuma ƙare horon ranar a kan abin da ya yi daidai.

Wani abu da akan manta: yunwa da kaɗaici ma suna ɓata hali. Tumbin doki ƙarami ne, a sake yakan yi kusan awa 16 yana kiwo a rana. Wanda aka ɗaure shi kaɗai, aka zuba masa gero sau biyu, dole ya ƙosa. A bar masa ingirici ko harawa a gabansa, da ruwa, da inuwa, musamman a zafin Afrilu na Sakkwato. In da hali, a ɗaure shi inda zai riƙa ganin ɗan'uwansa, a kuma fita da shi kilisa.

Aikin gida

Je bargar da ke kusa da ku, ka nemi izinin mai kula da dawakai. Zauna gefe minti 10, kada ka taɓa kowane doki. Rubuta jimla 3 a kan abin da ka ga kunnuwan doki ɗaya suna yi, da abin da ya sa suka motsa. Kawo takardar aji mako mai zuwa, za mu karanta tare.