Sunan titi ya ishe ka jagora a Hanoi

Jama'a, in kun shiga tsohon garin Hanoi, babban birnin Vietnam, kada ku ɓata kuɗi kan ɗan jagora. Ku riƙa duba allon sunan titi kawai.

Duk inda kuka ga "Hàng", ma'anarsa haja. Kalmar da ke biye ita ce abin da ake sayarwa, kamar dai Dukawa da Maƙera a wajenmu. Hàng Bạc na azurfa ne. Hàng Thiếc na maƙeran kwano, tun daga nesa za ku jiyo ƙwanƙwasar guduma. Ni can na fi daɗewa tsaye ina kallo.

Sai dai fa wasu sun sauya sana'a. Hàng Gà, titin kaji ke nan, amma katin ɗaurin aure na tarar ana bugawa, ko gashin kaza ban gani ba.