Yadda Za Ka Tono Asalin Morrigan Daga Wasan Smite

Wanda ya fara sanin Morrigan a wasan bidiyo na Smite, inda aka shigo da ita a farkon 2017, zai ɗauka matsafiya ce kawai mai layar zana. Alhali abar bautar mutanen Ireland na dā ce, mai hannu a yaƙi da ajalin jarumai. Ga yadda za ka raba tsohon labari da ƙarin masu wasa.

Da farko, buɗe bayaninta a wasan ka rubuta abin da take yi: ɓacewa ta bar surarta ta yaudari abokin gaba, kiran siffofinta uku, Badb da Macha da Anu, su kai hari tare, da Changeling, wato rikiɗa zuwa wani daga cikin waɗanda ke fagen.

Na biyu, nemi tsohon labarin Ireland mai suna Táin Bó Cúailnge, wanda mafi tsufan kwafinsa an rubuta shi wajajen shekara ta 1100. A nan za ka daɗe. Ta zo wa jarumi Cú Chulainn a siffar budurwa tana neman soyayyarsa, ya ƙi ta. Da yana faɗa a mashigin kogi sai ta dawo a siffar kifi mai kama da maciji ta naɗe masa ƙafa, sannan kyarkeci, sannan karsana. Kowane zuwa sai ya ji mata rauni. Daga baya ta zama tsohuwa tana tatsar saniya. Ya sha nono sau uku, yana sa mata albarka, raunukanta suka warke bai san ita ce ba. Daga nan aka ɗebo rikiɗar wasan, sai dai a tsohon labarin dabbobi da mutane take zama, ba wasu alloli ba.

Na uku, kada ka riƙe sunayen nan uku gam. Tsofaffin rubuce-rubucen sun saɓa, wasu na kawo Nemain a cikinsu.

Ka kuma kiyayi ruɗin suna: Morrigan ta wasannin Dragon Age da Darkstalkers ba wannan abar bautar ba ce.

Daga ƙarshe, bi sawun abin da faɗan wasan ba ya nunawa, wanda a ganina shi ne mafi daraja: alaƙarta da shanu da ƙasa, da haɗuwarta da Dagda, wani babban abin bautar Ireland, a bakin kogi lokacin Samhain, bikin shigowar hunturu, inda ta yi masa alkawarin karya sarkin Fomoire, abokan gabar mutanen Dagda, kafin yaƙin Mag Tuired.