Yau shafinka na sama a Google, gobe ya nutse: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Duk mai shafin intanet ya san wannan faɗuwar gaba. Ka rubuta kalmar da kake son a same ka da ita, a ce "yadda ake ƙosai", ka ga rubutunka na huɗu. Bayan kwana biyu ya koma na goma sha bakwai, kafin mako ya zagayo kuma ya dawo na shida. Yawancin wannan hawa da sauka ba ciwo ba ne, maganin da muke ɗura masa cikin gaggawa shi ke jawo ciwon.

Kuskuren farko shi ne auna matsayi da wayarka. Google ba ya nuna wa kowa jeri ɗaya: yana duba garin da mutum yake, da harshensa, da ko waya yake riƙe da ita ko kwamfuta. Mai nema a Kano da mai nema a Maraɗi za su iya ganin abu daban a lokaci guda. Ka buɗe Google Search Console, wato manhajar Google mai nuna wa mai shafi yadda shafinsa yake fitowa a bincike, kyauta ne, kuma yana ajiye bayanan wata 16. Ka ɗauki matsakaicin matsayin kalmar na kwana 28, ka gwada shi da na kwana 28 da suka gabace su. Idan bambancin hawa ɗaya ko biyu ne, ka kwantar da hankalinka.

Sai gyaran firgici, wanda ya fi ba ni takaici. Mutum ya ga ya sauka da safe, kafin azahar ya sauya take, ya cusa kalmar sau goma a sakin layi na farko, har ya canza adireshin rubutun. Ko da matsayin ya dawo, ba zai san wane gyara ne ya yi aiki ba, kuma tsohon adireshin da mutane suka riga suka yaɗa ya mutu. Sabon rubutu dama yakan yi makonni yana tangal-tangal kafin ya zauna. Haka kuma Google yana yin manyan sauye-sauye ga tsarinsa sau da dama a shekara, yana sanar da su, kuma kowanne kan ɗauki kusan mako biyu ko fiye. Shawarar kamfanin da kansa ita ce a jira aƙalla mako guda bayan an kammala kafin a yanke hukunci. In gyara ya zama dole, ka yi guda ɗaya, ka rubuta ranar, ka jira.

Akwai wanda ba a cika lura da shi ba: rubutunka biyu suna kishi da juna. Ka rubuta kan ƙosai bara, bana ka sake wani mai kama da shi, wataƙila ma ka yi ɗaya da "ƙosai" ɗaya da "kosai" saboda ka san mutane da yawa ba sa sa ƙugiya idan suna nema. Google ya rasa wanda zai ɗauka, yau ya nuna wannan, gobe wancan, kuma kowanne da nasa matsayin. Gane shi ba wuya. A Search Console ka danna kalmar, ka duba shafukan da suke fitowa a ƙarƙashinta. Idan ka ga adireshi biyu suna karɓa-karɓa, ka haɗe su wuri ɗaya, ka ɗauko abin da ke da amfani a mai rauni ka zuba a mai ƙarfi, sannan ka tura tsohon adireshin zuwa ga wanda ka bari da juyarwa ta dindindin, wato 301. Kada ka goge shi kawai.

Sayen mahaɗai kuwa, masu cewa za su haɗa shafinka da shafuka dubu a kan 'yan kuɗi kaɗan, ka rabu da su. Tun 2012 Google ya fito da Penguin, wato tsarinsa na gano mahaɗan bogi, domin irin wannan, kuma hawan da suke kawowa ba ya daɗewa.

Ka kuma duba masaukin shafinka. Idan sabar, wato kwamfutar da aka ajiye shafinka a kanta, tana yawan ɗaukewa, manhajar Google mai zagayawa tana karanta shafuka za ta riƙa zuwa tana tarar da ƙofa a rufe. Rahoton ziyararta yana cikin saitunan Search Console. Idan kurakuran saba sun yi yawa a ranakun da ka sauka, kamfanin da ke ajiye maka shafi za ka tuntuɓa, rubutun ka bar shi yadda yake.