Ga masu shirin kwana a kan tsauni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu niyyar kafa tanti a sansanin kan tsauni, inda babu lantarki balle famfo, ku fara da tanadin sanyi. Duk hawan mita 1,000, zafin iska na raguwa da kusan digiri 6, don haka kada ranar hantsi ta ruɗe ku. Ƙasa na zuƙe ɗumin jiki sosai, shi ya sa shimfiɗa mai kauri ƙarƙashin jakar barci (bargo mai kamar buhu da ake shiga a kwanta) ta fi ƙarin bargo amfani a ganina. Ku ware busassun kaya da safa na barci kawai, kada a kwanta da waɗanda suka sha gumi.

Daga tsayin wajen mita 2,500 sama da teku ciwon tsauni kan fara: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. Wanda ya ji haka ya dakata da hawa, in abin ya ƙaru ya sauko, babu kunya a ciki.

Ruwan rafi, komai kyansa a ido, a bar shi ya tafasa minti 3. Kada a kunna risho cikin tanti, yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari. Masu yawon ƙafa ku sammaka, domin a yawancin tsaunuka bayan azahar hadari da tsawa ke tasowa.