Kurakuran da ke kwantar da babur ɗin shiga daji a Zariya

Wanda ke bin hanyoyin burji na ƙauyukan Giwa da Soba, ko malamin gona da ke tashi daga Samaru ya zaga gonaki, ya san ƙura da ruwa ne ke cin babur irin su Yamaha DT da Honda XL. Amma da yawa suna riƙe shi kamar mashin ɗin da ba ya wuce Kwangila zuwa PZ a kan kwalta.

Da zarar mashin ya fara shaƙewa, sai mutum ya ce wa bakanike, "Maigida, taɓa min kafireta." A lokacin hunturu, tun daga Disamba har Fabrairu, mafi yawan lokuta soson da ke tace iska ne ya cika da ƙura. Iska ba ta isa, fetur ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi ƙirin. Ka ciro fulogin ka duba: in bakinsa ya yi kalar shayi da madara, lafiya lau, in ya yi fari fat, fetur ne bai isa ba. Soson kuma a wanke shi da kananzir, a matse shi a tafin hannu ba tare da murɗewa ba, a bar shi ya bushe, sannan a shafa masa man inji kaɗan. Wannan man ne ke kama ƙurar. Na sha ganin masu mayar da soson ba tare da sun shafa masa man ba, wasu ma su cire shi gaba ɗaya wai don mashin ya ƙara gudu. Ƙurar sai ta shige ta riƙa goge ringi da fistin, kafin damina ta faɗi salansa ta fara hayaƙi.

Sai cen. Babur ɗin daji yana da dogon shokozoba, kuma duk lokacin da ya nutse cen ɗin na ƙara ɗaurewa. In ka ɗaure shi tamau kamar na Boxer, rami ɗaya zai iya tsinka shi, ko ya cinye haƙoran sifoket. Ka bar masa wasa kamar faɗin yatsu biyu, sannan ka hau ka zauna a sake dubawa. Kada ka lafta masa giris, yashi ne zai manne. Ranar da za ka canza cen kuma, ka canza sifoket na gaba da na baya tare.

Ɓarnar da ta fi tsada a watan Agusta take faruwa, lokacin da rafukan da ke zuba cikin Galma da Kubanni suka kawo. Mashin ya mutu a tsakiyar ruwa, mai shi ya hau buga kik. Ruwa ba ya matsuwa. In ya shiga kan fistin ka tilasta masa, sandar da ke riƙe fistin ɗin na iya lanƙwashewa. Tura shi tudu, kwance fulogi, ka buga kik har ruwan ya gama fesowa ta ramin. Kwance ɗan kusan da ke gindin kafireta ka zubar da abin da ke ciki, ka matse soso. Duba baƙin mai: in ya koma kamar koko, a yi juye a ranar, kada a jira Juma'a.

Masu DT kuma su tuna injinsu na shan man 2T ne, wato man inji da ke ƙonewa tare da fetur, daga ƙaramin tankinsa. Ya ƙare ba ka lura ba, injin ya kama.

Iskar taya ma ana cika ta kamar dutse, alhali a rairayi da taɓo rage ta kaɗan ke sa ƙafa ta kama ƙasa. In ka dawo kwalta, ka tsaya wurin mai faci a ƙara. Kana nan tsaye, ka bi wayoyin ƙafar da sifana kana ƙwanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi ƙara a dusashe ta saki, a ɗaure ta kafin ƙafar ta fara rawa.