Wa zai gaji sarki? Ga yadda ake bin lissafin

Duk ranar da aka yi rashin basarake sai ka ji majalisa ta kaure, wannan ya ce ai babban ɗa ne, wancan ya ce ina, ƙanin mamacin ne. In kana so ka daina faɗuwa musu, fara cire lissafin Ingila daga kanka. Su can layi ne a jere, Sarauniya na rasuwa a 2022 Charles ya hau ba tare da wani ya zaɓe shi ba, bayansa William, sai George, kuma tun dokar 2013 ko mace ce ƙaninta ba ya tsallake ta. Mu nan gida ne ke gado, ba mutum ɗaya ba.

To sai ka fara da jini. A Kano dole mutum ya fito daga zuriyar Ibrahim Dabo wanda ya hau a 1819, amma fa a cikin gidan kowane ɗan sarki na iya sa rai. 'Ya'yan Dabo uku ne suka yi sarki a jere, Usman, Abdullahi Maje Karofi, sai Bello. A 1963 ma da Sanusi na ɗaya ya sauka ba ɗansa aka ba ba, baffansa Muhammadu Inuwa aka naɗa, shi kuma bai cika shekara ba Allah ya yi masa rasuwa, sai Ado Bayero ƙanin Sanusi ya hau.

Daga nan ka duba masu zaɓen sarki, su huɗu ne: Madaki daga Yolawa, Makama daga Joɓawa, Sarkin Bai daga Dambazawa, sai Sarkin Dawaki Mai Tuta. Su ba sa zama sarki, nasu su zauna su tace sunaye su miƙa sama. A da saman nan Sakkwato ce, kuma ko a lokacin ba kullum ake wanyewa lafiya ba, naɗa Tukur ɗan Bello a 1893 shi ya jawo basasar Tukurawa da Yusufawa har Alu na ɓangaren Yusufawa ya karɓe gari. Yanzu kuwa gwamna ke sa hannu, kuma gaskiya nan ne maganar take ƙarewa. A 2014 mutane da yawa sun gama sakankancewa Ciroma ne, babban ɗan Ado, sai ga sanarwa gwamnatin Kwankwaso ta ba Sanusi Lamido Sanusi. An sauke shi a 2020, an maido shi a 2024, duka biyun da alƙalamin gwamna.

Mu dawo ƙauye, don yawancinmu abin da ya shafe mu dagaci ne da mai unguwa. Idan gidanku ne ke da sarautar, don Allah a bari a yi sadakar uku tukunna, ba gawa na kwance wasu na ta buga waya ba, mutane suna gani kuma ba sa mantawa. Sannan a yi zaman gida a tsayar da mutum ɗaya, don in kuka fito ku biyar kowa da takardarsa to kun buɗe wa wani ɗakin da ke neman sarautar ƙofa da hannunku. Wanda aka tsayar ya rubuta takardar nema ya kai wa hakimi, ya sa sunan mahaifinsa da kakansa da wanda ya taɓa riƙewa a cikinsu. Ya zaga ya gaida liman da masu unguwanni da dattawa, da ƙafarsa, ya cire takalmi ya durƙusa, ba aike ba. Hakimi ne zai kai maganar fada, can ake naɗa rawani.

Kafin nan kuma za a tono komai, gonar gadon da ka cinye, bashin taki da ka ƙi biya, har wanda ka taɓa zagi a kasuwa. In akwai irin wannan a wuyanka je ka sasanta tun takardar ba ta bar hannunka ba.