Yadda za ka shiga musun yaƙin Iraƙi ba tare da an kayar da kai ba

In dai kana zama majalisar mai shayi a Gombe, ko Jekadafari ko Pantami, wata rana sai an ɗauko zancen Saddam Hussein, shugaban Iraƙi da Amurka ta tumɓuke a yaƙin 2003, wannan ya ce gwarzo ne wancan ya ce azzalumi ne, kowa na ɗaga murya ba mai jin wani.

Da farko kar ka tsaya wanke Saddam, nan mutanenmu ke shan ƙasa. Mutumin nan ya watsa wa Kurdawa iska mai guba a Halabja a 1988, dubbai suka mutu, mata da yara, sannan ya afka wa Kuwait a 1990. Ka faɗi wannan da bakinka tun kafin a jefo maka shi.

Sai ka tambayi abokin musunka, wai me aka ce shi ne dalilin yaƙin? Bush na Amurka da Tony Blair na Birtaniya cewa suka yi yana da makaman ƙare dangi, har Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka a lokacin, ya je Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairun 2003 yana ɗaga 'yar kwalba a matsayin misalin makaman, aka shiga Iraƙi da yaƙi a Maris, aka bincike ƙasar kaf ba a samu tarin makaman ba. Kwamitin Sulhu ma bai ba da izini ba, saɓanin yaƙin 1991 da aka kore shi daga Kuwait, shi ya sa Kofi Annan, sakatare janar na Majalisar a lokacin, ya ce a 2004 yaƙin ya saɓa doka.

Amma inda za ka fi daɗewa shi ne, bayan an tumɓuke shi wa aka tanada ya riƙe ƙasar? Paul Bremer da Amurka ta ɗora ya rushe rundunar sojan Iraƙi a Mayun 2003, mutane da iyali, sun iya bindiga, ba albashi, to ina kake so su nufa fisabilillahi? Bama-bamai a kasuwa, rikicin Sunni da Shi'a, har ISIS ta kama Mosul a 2014. A ganina nan hujjar masu goyon baya ta karye. Ka haɗa da Libiya, 2011, kuma kar ka manta Najeriya na cikin waɗanda suka ɗaga hannu a Kwamitin Sulhu lokacin aka amince da amfani da ƙarfi a can, Gaddafi na faɗuwa makamansa suka fantsama Mali da Sahel, mu nan arewa maso gabas ba sai an ba mu labari ba.

Wani zai ce, to Malam kenan a bar azzalumi ya ci karensa ba babbaka? Ka kawo masa Idi Amin na Uganda. Shi ya fara shiga yankin Kagera na Tanzaniya a 1978, shugaban Tanzaniya Nyerere ya rama, ya kore shi daga Kampala a 1979. Wanda aka taka ne ya tashi, ba ƙagen makamai. In ya san tarihi zai ce ai Uganda ma ba ta zauna lafiya nan take ba, ka ce masa haka ne, don gaskiyarsa.